Yadda Ake Saka Akwatin Sauraro a Shafin WordPress, da Yadda Ake Gyara Shi Idan Ya Ƙi Magana

Idan kana da shafin WordPress kuma kana son mutane su saurari karatun malam, ko waƙa, ko shirin rediyo a nan kan shafin ba sai sun fita wani wuri ba, abin da kake buƙata shi ne akwatin sauraro, wato ɗan layin nan mai maɓallin kunnawa da sandar da ke nuna inda sauti ya kai. Saka shi bai kai aikin minti goma ba. Abin da ke cinye yini shi ne a danna maɓalli a ji shiru. Kuma galibi ba fulogin (ƙaramar manhajar da ake ƙara wa WordPress don wani aiki) ne mai laifi ba, matsalar tana jikin fayil ɗin sautin ko adireshinsa. Saboda haka za mu daɗe a kan fayil kafin mu taɓa kowane fulogin.

Abubuwan da za ka tanada

- Shafin WordPress da kake da ikon shiga a matsayin mai gudanarwa. Tsarin kyauta na WordPress.com ba ya barin a saka fulogin, don haka wannan bayani ya fi dacewa da wanda ya sayi masauki, wato wurin da kamfani ke ajiye masa shafi a intanet, ya ɗora WordPress a kai.
- Hanyar shiga fayilolin shafin ta bayan gida: File Manager na cPanel (allon sarrafa masaukinka), ko manhajar tura fayiloli ta FileZilla idan kana da bayanan FTP. Kada ka fara aiki ba ka da wannan a hannu, domin ranar da fulogin ya rufe maka ƙofar gaba, ta nan za ka shiga.
- Audacity a kwamfuta. Kyauta ce, kuma ita za ta gyara maka fayil. Wanda ba shi da kwamfuta ya nemi manhajar Android mai mayar da sauti zuwa MP3, amma ya tabbata tana ba da damar zaɓar nauyin sautin.
- Waya don gwaji, mai Chrome da Opera Mini. In akwai mai iPhone a kusa, a aro tasa ta minti biyu.
- Kwafin ajiya na shafin gaba ɗaya. UpdraftPlus yana yi, haka ma Backup na cPanel.
- Izinin mai sautin. Karatu ko waƙar wani ba a ɗora su sai da yardarsa.

1. Mayar da sautin MP3 mai nauyin da ya dace

WordPress yana karɓar mp3, m4a, ogg, wav da flac, amma MP3 ne kaɗai za ka ɗora ka kwanta da tabbacin kowace waya za ta buɗe shi. Saƙon murya na WhatsApp yana zuwa ne da .opus, rikodar wasu tsofaffin wayoyi kuma tana ajiye .amr. Duk waɗannan sai an juya su. Kuma juyawa na gaske ake nufi: goge .opus a rubuta .mp3 a ƙarshen suna bai canza abin da ke ciki ba, wata burauzar na iya buɗewa ta ga ba MP3 ba ne ta yi shiru. Wannan kuskure ya yi yawa ƙwarai.

Ga lissafin nauyi, don shi ne zai nuna maka abin da kake ɗora wa mai sauraro. Awa ɗaya a kan 128 kbps (kbps shi ne ma'aunin nauyin sauti) tana kai kusan MB 58. A kan 64 kbps, kusan MB 29. A kan 48 kbps, kusan MB 22. WAV kuwa, minti ɗaya kacal yana cin kusan MB 10. Muryar mutum ɗaya mai karatu ko jawabi ba ta buƙatar abin da ya wuce 64 kbps a layi guda, wato Mono, kuma 48 ma tana fita sarai idan an ɗauki sautin da kyau. Waƙa mai kiɗa ita ke son 128 kbps a Stereo. Wanda ya ɗora tafsirin awa ɗaya a kan 320 kbps ya ɗora wa kowane mai sauraro MB 144, alhali kunne ba zai ji wani bambanci a lasifikar waya ba. Yawancin masu buɗe shafinka da datar da suka saya da guminsu suke sauraro, a wuraren da sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Ka tausaya musu.

A Audacity, buɗe fayil ɗin, yanke shirun farko da na ƙarshe. In muryar ta yi ƙasa, zaɓi duka ka yi Normalize zuwa -1 dB. Sai ka je File, Export Audio, ka zaɓi MP3, Mono, 44100 Hz, sannan a wajen Bit Rate Mode ka zaɓi Constant. Dalilin Constant shi ne, fayil mai nauyi mai hawa da sauka wani lokaci yana rikita akwatin sauraro, ka ga karatun minti 50 an rubuta masa minti 12, ko a ja sanda gaba ta faɗa wani wuri dabam. Idan Audacity ta ƙi buɗe m4a ko amr, sai an ƙara mata FFmpeg. Wanda kuma ya saba da rubuta umarni, layi ɗaya ya wadatar:

ffmpeg -i shiga.opus -ac 1 -ar 44100 -b:a 64k fita.mp3

Kafin ka fitar da fayil ɗin, cike gurbin sunan karatu da sunan mai karatu a wajen Metadata. WordPress yana karanta su lokacin ɗorawa, su ne kuma ke fitowa a jerin sauraro.

2. Ba shi sunan da ba zai karya adireshi ba

Nan ne masu rubutu da Hausa suka fi faɗawa rami. Sunan fayil yana zama ɓangaren adireshinsa a intanet, adireshi kuwa ba ya jituwa da tazara, da alamar ɗauri irin ta "wa'azi", da haruffa masu lanƙwasa irin ƙ, ɗ, ɓ. Fayil mai suna Wa'azin Ƙarshen Ramadan (1).MP3 yana iya aiki a wannan waya ya ƙi a waccan, alamar ɗaurin kuma tana iya yanke shotkod, wato gajeren umarni cikin baka [ ] da ke fito da akwatin, a tsakiya. Rubuta shi haka:

waazin-karshen-ramadan-01.mp3

Ƙananan haruffa zalla, karan ɗori a maimakon tazara, lamba mai sifili a gaba don jerin ya tafi daidai. Ka sani yawancin sabobi, wato kwamfutocin da ke riƙe da shafuka, a kan Linux suke, kuma a wurinsu Tafsir.MP3 dabam, tafsir.mp3 dabam. Cikakken suna da ƙ da ɗ ɗinsa ka rubuta shi a kan shafi, inda mutane za su karanta.

3. Ɗora fayil ɗin

Shiga Media, danna Add New, ko Add Media File a sababbin sigogi, jawo fayil ɗin ka saki. A ƙasan wurin za ka ga an rubuta iyakar girman da aka yarda a ɗora. Idan fayil ɗinka ya fi wannan, za a ce maka ya wuce "maximum upload size". Iyakar ba ta WordPress ba ce, ta PHP ce da ke kan saba, kuma asalin saitinta MB 2 ne, sai dai kamfanonin masauki sukan ɗaga ta.

A cPanel, nemi MultiPHP INI Editor, ko Select PHP Version sannan Options, ka canza waɗannan:

upload_max_filesize = 64M
post_max_size = 70M
max_execution_time = 300

Dole post_max_size ya kai na farkon ko ya ɗan fi shi, in ba haka ba ɗagawar ba ta yi amfani ba. Za ka ga wasu suna cewa a rubuta layukan php_value a cikin fayil ɗin saiti na saba mai suna .htaccess. Wannan yana aiki ne a wasu sabobi kawai, a sauran kuwa shafin gaba ɗaya zai faɗi da kuskure mai lamba 500. In ka gwada hakan ta faru, goge layukan da ka ƙara, shafin zai dawo.

Idan an hana ka ɗaga iyakar, ko sabis ɗinka yana yankewa a tsakiyar ɗorawa, bi ta File Manager ko FileZilla. Buɗe folda mai suna sauti a cikin wp-content/uploads ka zuba fayil ɗin a ciki. Ba zai bayyana a Media ba, amma adireshinsa zai zama sunan shafinka, sai /wp-content/uploads/sauti/ sai sunan fayil. FileZilla tana da wata fa'ida: in aka ɗauke sabis, tana iya ci gaba daga inda ta tsaya.

Akwai wani lissafi da ya kamata ka yi tun yanzu. Fayil mai MB 29, idan mutum 1,000 suka saurare shi har ƙarshe, GB 29 ke nan ya fita daga masaukinka. Ƙaramin masauki na haɗaka ba zai jure wannan kullum ba. Mai niyyar ɗora karatun wata guda cur gara ya ajiye fayilolin a waje. Internet Archive yana ba da adireshi na kai tsaye mai farawa da archive.org/download/, kuma kyauta ne, amma duk abin da ka sa a can kowa na iya gani ya sauke. A Dropbox, sai ka canza dl=0 na ƙarshen adireshi zuwa raw=1. Google Drive kuwa ka bar shi: adireshin da yake bayarwa na shafin kallo ne, ba na fayil ba, dabarun da ake yi don kauce wa hakan kuma suna aiki yau su mutu gobe.

4. Gwada adireshin shi kaɗai

Kada ka tsallake wannan. Kwafi adireshin fayil ɗin, wanda ke ƙarewa da .mp3, ka liƙa shi a sabon shafin burauza. In sauti ya tashi, fayil da saba lafiyarsu ƙalau, duk abin da ya biyo baya daga fulogin ne ko jigon shafi, wato theme mai tsara kamannin shafin. In bai tashi a nan ba, babu fulogin a duniya da zai tashe shi, kuma canza fulogin biyar ɓata lokaci ne. Duba kuma ka ga adireshin da https ya fara, ba http ba.

5. Fara da akwatin da WordPress ya zo da shi

Tun sigar 3.6 ta 2013 WordPress yake kunna sauti da kansa. A editan bulo-bulo, wanda ya zo da sigar 5.0 a ƙarshen 2018, danna alamar ƙari, nemi Audio, zaɓi fayil daga Media ko ka danna Insert from URL ka liƙa adireshi. A tsohon edita, ko a cikin bulon Shortcode, rubuta:

[audio src="https://shafinka.com/wp-content/uploads/sauti/waazi-01.mp3"]

Don jera fayiloli da yawa a akwati ɗaya:

[playlist ids="101,102,103"]

Lambobin nan na fayilolin da ke Media ne. Buɗe fayil a can ka dubi adireshin da ke saman burauza, za ka ga item= ko post= da lamba a gabansa. Ka lura, wannan jeri ba ya aiki da fayilolin da aka zuba ta File Manager ko waɗanda ke ajiye a waje.

Gaskiyar magana, mai ɗora sauti ɗaya a kowane rubutu wannan ya ishe shi, kuma shafinsa zai fi sauƙin buɗewa. Fulogin sai in akwai abin da wannan ya kasa yi maka.

6. Zaɓi fulogin ka saka

Zaɓin ya danganta da aikin. Compact WP Audio Player ɗan maɓalli ne ƙarami da ke zama a gefen rubutu, ya dace da mai koyar da furuci ko mai jera gajerun sautuka da yawa a shafi ɗaya. AudioIgniter yana yin jerin sauraro mai hoto, kuma yana karɓar adireshin fayil da ke waje. Mai shirin da ke fita mako-mako, wanda yake son ya kai ga manhajojin fodkas, ya dubi Seriously Simple Podcasting ko PowerPress, domin su ne ke haɗa masa RSS ɗin da waɗancan manhajoji ke karantawa.

Kowanne ka zaɓa, dubi abu uku a shafin bayaninsa: yaushe aka sabunta shi na ƙarshe, da wace sigar WordPress aka gwada shi, wace sigar PHP yake nema. Wanda ya shekara biyu ba a taɓa shi ba, ka wuce. Duk wanda ya ambaci Flash ko fayil mai .swf ya riga ya mutu, domin Adobe ta daina tallafa wa Flash a ranar 31 ga Disamba, 2020, kuma burauzoji sun cire shi. Tsofaffin bayanai da yawa da ke yawo a intanet a kan irin waɗannan suke magana. Haka nan ka nisanci fulogin na kuɗi da ake rabawa kyauta a Telegram ko wasu shafuka. Sau da yawa an cusa masa ƙofar ɓoye, kuma abin da za ka kashe wajen tsabtace shafi ya ninka kuɗin sayensa.

Sakawar kanta: shiga Plugins, danna Add New, ko Add Plugin a sababbin sigogi, rubuta sunan, tabbatar da sunan wanda ya ƙirƙire shi, danna Install Now, jira, sannan Activate. Mutane da dama suna tsayawa a Install su manta Activate. In fayil ɗin zip ne a hannunka, danna Upload Plugin ka ba shi yadda yake, kada ka warware shi. Saƙon "The link you followed has expired" a wannan wuri yana nufin zip ɗin ya fi iyakar da muka yi magana a mataki na 3. In hakan ta gagara, warware zip ɗin ka ɗora foldarsa cikin wp-content/plugins, sannan ka dawo Plugins ka kunna shi.

Fulogin sauti ɗaya ake sakawa. Biyu a lokaci guda sukan yi rigima a kan fayil ɗaya.

7. Saka akwatin a cikin rubutu

Na Compact WP Audio Player:

[sc_embed_player fileurl="https://shafinka.com/wp-content/uploads/sauti/waazi-01.mp3"]

Na AudioIgniter kuwa, za ka fara haɗa jeri a sashen Playlists, ka ba kowane sauti suna da adireshi, ka wallafa, sai ya ba ka shotkod irin [ai_playlist id="45"] ka kwafa.

Koyaushe a cikin bulon Shortcode ake liƙa shi, ba cikin sakin layi na rubutu ba. Sannan ka dubi alamomin zance da kyau. Shotkod yana son miƙaƙƙu, irin waɗanda ke fitowa daga allon rubutu kai tsaye. Idan ka kwafo shi daga Word ko wani shafi, sukan zo a lanƙwashe, ido ba ya saurin kama bambancin, amma akwatin zai fito babu sauti ko ya ƙi fitowa sam. Goge su ka sake bugawa da hannunka.

8. Saiti uku da suka fi muhimmanci

Kashe Autoplay. Safari tun 2017, Chrome tun 2018, sun hana sauti tashi da kansa kafin mutum ya taɓa shafi, don haka ko ka kunna shi ba zai yi aiki ga yawancin mutane ba. Inda ya yi aikin ma, ka jawo wa wani kunya a ofis ko a masallaci.

Sa Preload a kan None, ko Metadata in kana son tsawon sautin ya bayyana kafin a danna. Auto yana sa burauza ta fara jan fayil tun ba a nema ba, a shafi mai sautuka goma kuwa wannan asarar data ce tsagwaronta.

Idan fulogin yana da zaɓin hana sautuka biyu tashi tare, kunna shi.

9. Gwada a matsayin baƙo, ka kuma sa hanyar saukewa

Fita daga asusunka ko ka buɗe shafin sirri na burauza, domin mai gudanarwa yakan ga shafi sabo alhali baƙi suna ganin tsohon da aka adana. Kashe Wi-Fi ka gwada da data. Kunna, tsayar, ja sandar zuwa tsakiya, kashe fuskar waya ka ji ko sauti ya ci gaba.

Sai Opera Mini. Idan tana kan tsarin matse data mai tsanani, shafin yana bi ta sabar Opera ne a matse shi kafin ya iso waya, kuma akwatin sauraro yakan ƙi aiki a haka. Ba ka da yadda za ka yi da wannan daga ɓangarenka, sai dai ka sa mahaɗin saukewa a ƙarƙashin kowane akwati, ka rubuta girman fayil a gefensa, misali "Sauke (MB 29)". Da ma masu sauraro da yawa sun fi son su sauke da dare lokacin da data ke da araha, su saurara da rana, su tura wa 'yan uwa. Masu neman hana saukewa kuma su sani: ana iya ɓoye maɓallin, amma duk sautin da burauza ta iya kunnawa ana iya sauke shi.

Idan abu ya lalace

Kafin komai, koma mataki na 4. Daga nan, a kwamfuta, buɗe shafin a Chrome ka danna F12. Sashen Console yana nuna kurakurai da jan rubutu. A sashen Network kuma, danna maɓallin kunnawa ka nemi layin fayil ɗin mp3 ka dubi lambar da ke gabansa. 200 ko 206 lafiya ke nan.

*Shotkod ya fito a rubuce, da bakansa da komai.* Fulogin ba a kunne yake ba, ko an yi kuskuren harafi a sunan shotkod, ko an liƙa shi a bulon Code maimakon Shortcode. Haka kuma yake faruwa idan aka cire fulogin aka bar shotkod ɗinsa a tsofaffin rubuce-rubuce. Irin tsohon salon nan na [audio:suna.mp3] na zamanin Flash ne, sai an sake rubuta shi da sabon salo.

*Akwati ya fito, lokaci yana kan 00:00, ko an rubuta "Format(s) not supported or source(s) not found".* Dubi lambar da ke Network. Idan 404 ce, adireshi ne ba daidai ba: babban harafi, tazara, ko an canza sunan folda. Idan 403 ce, an hana shiga. Duba izinin fayil a File Manager, ya zama 644, na folda kuma 755. Duba Hotlink Protection a cPanel, ka tabbata sunan shafinka yana cikin jerin waɗanda aka yarda da su, mai www da marar www, mai http da mai https. In lambar 200 ce amma shiru, to ko fayil ɗin ba MP3 na gaske ba ne, ko saba tana gabatar da shi da wani nau'i dabam. A sashen Headers, Content-Type ya kamata ya nuna audio/mpeg. In ba haka ya nuna ba, a sabar Apache ko LiteSpeed ƙara wannan a .htaccess:

AddType audio/mpeg .mp3

*Yana aiki da, sai ya daina bayan an sa wa shafi SSL.* Shafin ya koma https, adireshin sautin ya tsaya a http. Chrome yana ƙoƙarin juya shi da kansa, in bai samu ba ya toshe shi, Console kuma zai rubuta Mixed Content. Gyara adireshin. In sun yi yawa, Better Search Replace zai canza su gaba ɗaya, amma ka yi kwafin ajiya tukuna, ka kuma fara da Dry Run don ganin abin da zai taɓa.

*Yana tashi, amma ba a iya jan sanda gaba, ko yana aiki a Android ya ƙi a iPhone.* Don a tsallaka zuwa minti na 30, dole saba ta yarda ta aiko da yankin fayil maimakon dukansa. Alamar tana yin haka ita ce Accept-Ranges: bytes a Headers da lambar 206. Safari ta fi kowa tsanani a kan wannan, takan ƙi kunnawa gaba ɗaya in babu. Yawanci abin da ke jawo shi fulogin ne mai ƙirga saukewa ko mai kare fayil, wanda ke bi da sautin ta cikin PHP. Ka ba wa akwatin adireshin fayil na kai tsaye. In har yanzu babu 206, rubuta wa kamfanin masaukinka ka ce su kunna byte range a kan fayilolin mp3.

*Maɓalli ba ya danuwa, ko wurin akwatin fari fat.* Wannan rikicin JavaScript ne. Ga gwaji mai sauri: saka wannan fayil ɗin da bulon Audio. Shi bulon akwatin burauza yake amfani da shi kai tsaye, bai dogara da JavaScript ba. In ya yi aiki alhali na fulogin ya ƙi, ka gano inda matsalar take. Wanda aka fi zargi shi ne fulogin ƙara gudu, irin LiteSpeed Cache, WP Rocket, Autoptimize ko W3 Total Cache, saboda suna haɗe fayilolin JavaScript ko su jinkirta su. Kashe haɗewa da jinkirtawar, goge ma'ajiyar wucin gadi da Purge All, sake gwadawa. In ya tashi, mayar da saitin amma ka sa sunan foldar fulogin sautin, da jquery, da mediaelement a jerin waɗanda ba a taɓawa. Mai amfani da Cloudflare ya kashe Rocket Loader ya gani.

In ba nan ba ne, sai bincike ɗaya bayan ɗaya. Fulogin Health Check & Troubleshooting yana da yanayin da ke kashe duk fulogin ya mayar da jigo na asali a gare ka kai kaɗai, baƙi suna ganin shafi yadda yake. Kunna fulogin sautin shi kaɗai, sannan ka riƙa ƙara sauran ɗaiɗai har ka ga wanda da zuwansa sauti ya mutu. In kuma komawa jigo irin Twenty Twenty-Four ne ya gyara, buɗe footer.php na jigonka ka duba ko akwai wp_footer() kafin rufewar body. Jigogin da aka haɗa da hannu sukan manta shi, ta nan ne kuwa yawancin fulogin ke shigo da JavaScript ɗinsu.

*Da danna Activate shafi ya faɗi, an rubuta "There has been a critical error on this website".* Kada hankalinka ya tashi, rubuce-rubucenka suna nan. Tun sigar 5.2 WordPress yana aika wa imel ɗin mai gudanarwa mahaɗin shiga yanayin ceto, duba har cikin Spam. In bai zo ba, shiga File Manager, je wp-content/plugins, canza sunan foldar fulogin, misali ka ƙara -kashe a ƙarshe. WordPress zai neme shi ya rasa, ya kashe shi, shafi ya dawo. Don sanin dalili, buɗe wp-config.php, ka mayar da WP_DEBUG zuwa true, ka ƙara WP_DEBUG_LOG shi ma true, da WP_DEBUG_DISPLAY a kan false don kada baƙi su ga kurakuran. Bayanin zai taru a wp-content/debug.log. Mafi yawa za ka tarar sigar PHP ce ba ta dace da fulogin ba. Da ka gama, mayar da WP_DEBUG zuwa false ka goge fayil ɗin.

*Yana yankewa yana ci gaba.* Nauyin fayil ya fi ƙarfin sabis ɗin mai sauraro, ko masaukinka ya gaji. Sake fitar da shi a 48 kbps, ko ka mayar da shi ma'ajiyar waje. Karatu mai awa biyu kuma gara a raba shi kashi uku ko huɗu.

Ga wanda ba WordPress yake amfani da shi ba

Blogger ba ya karɓar fulogin, ba ya kuma ajiye fayil ɗin sauti. Ɗora fayil a Internet Archive, ɗauko adireshinsa na kai tsaye, koma ɓangaren HTML na edita ka liƙa:

<audio controls preload="none" src="https://archive.org/download/suna/waazi-01.mp3"></audio>

Wannan layin yana aiki a WordPress ma, a cikin bulon Custom HTML. Idan kuma sautin yana SoundCloud, a WordPress liƙa adireshinsa kawai a layi shi kaɗai, akwatinsu zai fito. Na Audiomack, kwafo lambar Embed daga shafinsu ka sa a Custom HTML. Sai dai akwatunan waje sun fi nauyi wajen buɗewa, don haka kada su wuce ɗaya ko biyu a shafi guda, sauran ka sa mahaɗinsu a rubuce.